Kafin Ka Hau Motar Igiya a Tsaunukan Ƙanƙara

Duk wanda ya ga akwatin nan rataye a igiyar ƙarfe yana lilo tsakanin tsaunuka, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne: in igiyar ta tsinke fa? An taɓa yi. A watan Mayun 2021 mutum 14 suka rasu a Mottarone ta ƙasar Italiya, inda igiya ta tsinke alhali an riga an toshe birkin gaggawa da gangan. Sai dai irin wannan ba kasafai yake faruwa ba. Abin da ya fi kayar da baƙo shi ne tsawon dutsen kansa.

A garin Chamonix na Faransa, matattarar masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, motar igiya kan kwashi mutane daga tsayin mita 1,035 zuwa dab da ƙolin Aiguille du Midi mai mita 3,842, cikin kamar minti 20. Jiki ba ya samun sararin sabawa. Iskar da mutum zai shaƙa a can ba ta wuce kashi biyu cikin uku na wadda ake samu a bakin teku ba, shi ya sa sai ka ga ƙato lafiyayye yana haki, ga jiri, ga ciwon kai.

A nan ne mutanenmu ya kamata su buɗe kunne. Sikila ta yi yawa a cikinmu, kuma ƙarancin iska, sanyi da ƙishirwa su ne ke tayar da ita. Ko mai rukunin jini na AS, wanda bai taɓa kwanciya ba, saifarsa na iya samun matsala a irin wannan tsayi. Masu ciwon zuciya ko huhu da mata masu juna biyu su ma ba a bar su a baya ba.

Kada ranar da ake ƙwallawa a ƙasa ta ruɗe ka. Tafi da rigar sanyi, safar hannu, baƙin tabarau da ruwan sha, don motar kan tsaya cak. A Satumban 2016 mutum 110 suka maƙale a layin da ya wuce daga Aiguille du Midi zuwa iyakar Italiya, fiye da 30 daga cikinsu a sama suka kwana.

In ka hau ka ji numfashi yana gagarar ka, ko ciwo a hagun ciki, ka sanar da ma'aikata, ka sauko a motar farko. Mai sikila kuwa kada ya yanki tikiti sai likita ya amince.