Abin da ke sa zomon gida ya yi cizo

Cikin gidajen ma'aikata da ƴan kasuwa, daga Yamai har Damagaram, sau da yawa za ka tarar da kejin zomaye a bayan ɗaki, wani don nama, wani kuwa don ƴan lakwal su sami abin wasa. Kukan da aka fi ji shi ne, zomon da aka sayo ɗan ƙarami mai taushi kamar auduga, da ya kai wata 4 ko 5 sai ya rikiɗe, ya kama gurnani, yana kai wa hannu cafka har ya fid da jini. Daga nan sai maigida ya yanke masa hukunci, ko wuƙa, ko a kulle shi a manta. Alhali kuwa galibi balaga ce ta zo masa.

Mai karatu ya sani, zomon gida da zomon dajinmu ba iri ɗaya ba ne. Na daji a fili yake kwana, ƴaƴansa kuma da gashinsu ake haihuwarsu, ido buɗe. Na gida asalinsa ƙasashen Sipaniya da Fotugal ne, inda kakanninsa ke zaune cikin ramu garke-garke, kowa da matsayinsa. Wani masani, Roman Mykytowycz, ya yi nazarin zamansu a Ostareliya cikin shekarun 1950 da 1960, ya nuna yadda suke goga haɓa a jikin abu don su bar warinsu alamar mallaka, da yadda zomanya mai ƙarfi ke kame ramin da ya fi kyau ta kori na ƙasa da ita. To, a yau keji shi ne raminta. Hannun da ya shiga ya ɗauke kwanonta ko ya share shimfiɗarta, a wurinta baƙo ne ya faɗo mata ɗaka ba sallama.

Abin yakan tsananta in tana da ciki, wanda ke ɗaukar kwana 31 ko kusa da haka. Akwai ma cikin ƙarya: zomanya ta yi kamar ta ɗauka, ta tara ciyawa, ta tsige gashin ƙirjinta ta yi sheƙa, ta yi ta faɗa har kwana 16 zuwa 18, sa'an nan ta huce ba ta haifi kome ba. Saboda wannan kishin wuri ne masu kiwo ke kai mace wurin namiji in za a yi barbara. In aka kai mata shi cikin kejinta, da faɗa za ta tarbe shi. Maza kuwa tilas a raba su tun suna wata 3, domin in sun balaga wuri guda sukan yi faɗa har ɗaya ya yage wa ɗan'uwansa maraina.

Amma tsoro ya fi kome yawan jawo cizo. Zomo abincin shaho ne da kare da maciji, kuma duk abin da ya sauko masa daga sama ya raba ƙafafunsa da ƙasa, mutuwa yake gani. Idanunsa a gefen kai suke, yana hangen kusan ko'ina kewaye da shi, sai dai daidai gaban hancinsa ba ya gani sosai, nan kuwa yaro ke miƙa yatsa. Ga kuma al'adar nan ta kasuwa, a cafko shi ta kunnuwa a ɗaga yana lilo. Dā ma Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Banda zafi, akwai haɗari: ƙashinsa bai wuce kashi 8 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, ƙafafun baya kuwa ƙarfi gare su, shuri guda a iska na iya karya masa gadon baya. In ɗauka ta zama dole, hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ƙarƙashin ɗuwawu, a manna shi ga jiki.

Zomo yana koyo. Ranar da ya ciji hannu, hannun ya janye, ya gane maganin damuwarsa ke nan. Duka kuma tabbatar masa yake yi cewa hannu abin tsoro ne. Don haka gyara sai da haƙuri na makonni. A buɗe masa ƙofa ya fito da kansa kafin a share keji. Mutum ya zauna ƙasa ya ƙyale shi, ya zo ya sunsuna ya koma, a miƙa masa ɗan ganyen karas ko harawar wake. In za a taɓa shi, hannu ya zo ta gefe inda yake gani, ya sauka a goshi. Mai yawan kai hari a sa masa safar hannu ta fata, in ya ciza kada a janye, sai ya ga cizon bai biya ba. Yara kuma a koya musu alamun gargaɗi: kunnuwa kwance baya, wutsiya a ɗage, gurnani, ko buga ƙafa a ƙasa. Kejin ma a duba shi. Wata ƙungiyar kula da zomaye ta Ingila tana ba da shawarar fili mai mita 3 da mita 2 don zomo biyu. A gwada wannan da ɗan akwatin da muke tsare su ciki.

Zomon da ya saba da mutane shekara guda sa'an nan ya fara cizo dare ɗaya, a nemi ciwo. Haƙoransa ba su daina tsiro, na gaba sukan ƙaru da wajen milimita 2 kowane mako, in babu busasshiyar ciyawa da zai riƙa tauna sai na ciki su yi tsini su yanke masa harshe. Akwai ƙwarin kunne masu sa ɓawo, akwai gyambon tafin ƙafa daga tsayuwa kan ragar waya. Ga bazara: zomo yana shiga wahala da zarar zafi ya wuce digiri 30, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce 40. Inuwa, ruwan tulu, da jiƙaƙƙen buhu a kan keji ba su da tsada. Kada a ba shi ragowar maganin gida: amoksisilin da danginsa ta baki suna kashe zomo, haka ma maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fipronil.

A Turai da Amurka fiɗiya ita ce maganin faɗan balaga, maza da mata, kuma tana kare zomanya daga sankarar mahaifa da ke yawan kama su bayan shekara 4. Aiki ne na likitan dabbobi wanda ya saba da zomo, da allurar barci. Ba a dandaƙe shi kamar bunsuru. Hali ba ya sakewa nan take, kuma namiji na iya ba da ciki har mako 6 bayan aikin.

Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabuni da ruwa mai yawa. In cizon ya yi zurfi, ko wurin ya kumbura ya yi ja, ko kuma an daɗe ba a yi rigakafin tetanos ba, a tafi gidan likita ran nan.