Ma'anar Sunan Bitrus

Da wuya a sami ikilisiyarmu da babu Bitrus a cikinta: wani dattijo ne, wani mawaƙi, wani kuma jariri. Amma kaɗan ne cikinmu suka san ma'anar sunan.

Asalinsa daga Helenanci ne, Petros, wato dutse. Sunan da iyayen manzon suka raɗa masa Siman ne, masunci daga Betsaida. Yesu ne ya sa masa Kefas, wanda shi ma dutse yake nufi da harshen Aramaik (Yohanna 1:42). Larabawa Kirista suna cewa Butrus, mu kuma Bitrus.

Sunaye kamar Musa, Dauda da Yusufu muna tarayya a kansu da maƙwabtanmu Musulmi. Bitrus kuwa, da zarar an kira shi a kasuwa ko wajen neman aiki, an san bangaskiyar mai shi. Shi ya sa waɗansu sukan so su ɓoye shi.

Manzon ma ya sha wannan gwaji. A farfajiyar babban firist karin harshensa ya tona shi, ya yi musun Ubangiji sau uku (Matiyu 26:69-75). Duk da haka Yesu bai karɓe sunan ba. Ya maido da shi, a ranar Fentikos kuma mutum wajen 3,000 suka tuba ta wa'azinsa.

Saboda haka mu koya wa 'ya'yanmu: ƙarfin Bitrus ba daga halinsa ya fito ba, daga wanda ya sa masa sunan ne.