Horon Doki Ya Yi Aiki da Kuturinsa

Da Salla, idan Hakimai suka zo jahi a Ƙofar Kudu, akan ga dawaki iri biyu. Wani ya sukwano, da an zame shi sai ya shigar da ƙafafunsa na baya ƙarƙashin ciki, ya sauke kuturi, ya tsaya cak gabansa a sama. Wani kuwa sai ya hangame baki, ya ɗaga kai, ya dafe ƙasa da ƙafafun gaba, har mahayi ya nemi zubowa gaban Sarki. Bambancinsu horo ne, kuma a gida a ke yinsa, tun watanni kafin hawa.

Dalili kuwa shi ne, doki a tsaye, wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a kan ƙafafun gaba ya ke. In an ɗora sirdi da kayan ado da mahayi, nauyin ya ƙaru can. Ƙarfinsa kuma a kuturi ya ke. Aikin mai horo shi ne ya komar da wani sashi na nauyin baya sannu a hankali. Linzami mai kaifi ba ya yin wannan. Yana tsai da doki don zafi, amma yakan yanke dasashi, ya sa doki ya lanƙwashe baya, ya bar ƙafafunsa a waje.

A ƙasar Makoɗa gonaki sun haɗe, da damina babu filin sukuwa sai burtali da hanya. Wannan ba ya hana horo, don aikin fari ba ya bukatar fili mai faɗi. Kewaye mai taki 20 daga gefe zuwa gefe ya isa, ko a ƙofar gidan Hakimi. A riƙa zagayawa da doki dama da hagu daidai wa daida, a tafiya, sa'an nan a sassarfa. Bayan ɗan zagaye a tsai da shi, a sake tashinsa. Wajen tsayarwa mahayi ya fara zama sosai cikin sirdi, ya matse da ƙafa, sa'an nan ya riƙe linzami kaɗan, da doki ya amsa ya sassauta. Wannan sassautawa ita ce ladan doki, ita kuma barori suka fi mantawa. Ja da baya taki uku ko huɗu yana da amfani, in an tura shi gaba nan da nan.

Da kaka ta wuce, an kwashe gero da dawa da gyaɗa, sai a fita kilisa cikin rairayi da hawan tudu, gama babu abin da ke gina kuturi kamarsu. A nemi yardar masu gona, a kuma kauce wa inda wake bai tashi ba, kada horon doki ya zama ƙara gaban Dagaci.

Turawa sun daɗe a kan wannan ilmi. A makarantar hawa ta birnin Biyana, ƙasar Ostiriya, doki yakan shekara shida ko fiye yana koyo kafin ya ƙware, har ya iya zama bisa ƙafafun baya ya ɗaga na gaba ya tsaya shiru. Ƙashin bayan doki ba ya gama ƙwari sai ya shekara biyar zuwa shida, saboda haka zame duƙushi a kan ƙasa mai tauri ɓarnar dukiya ne.

A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da a ke kiyayewa, baƙi masu kallo kuwa suna lura da bakin doki kamar yadda su ke lura da alkyabba. Ya kamata Hakimi ya sa Malaminsa ya buɗe littafi, a rubuta sunan kowane doki, da shekarunsa, da ranakun da aka fita da shi. A duba bakinsa da gwiwoyinsa na baya kowane mako. Wanda aka ga kumburi ko jini gare shi a komar da shi turke, a kira Malamin Dabbobi.