Bita ko Intanet: Ina Matafiyi Zai Ji Dokar Filin Jirgi?

Mutumin Hanwa da ke Zariya ba baƙon jirgi ba ne. Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964 maƙwabciyarmu ce, ƙananan jiragenta kullum suna shawagi a kanmu. Amma ranar da ya hau mota a Kwangila zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Kaduna, da wuya ya san abin da jami'an tsaro za su cire masa daga jaka. Wuri biyu zai nemi sani: wajen bita, ko cikin waya.

Bitar maniyyata ta ciri tuta wajen isar da saƙo. Malami yana bayani da Hausa, tsohuwa ta tambaya, a maimaita mata har ta gamsu. A nan ake jin cewa Saudiyya ta hana shiga da goro, almakashi da reza ba sa shiga jakar hannu, kuma kada a karɓi saƙon kowa, ko da ɗan'uwa ne. Wannan gargaɗin na ƙarshe ya fi sauran nauyi. A Disambar 2018 aka kama wata ɗaliba a Saudiyya bayan ta tashi daga Kano, saboda jakar tramadol da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta. Wanda ya ji labarin daga bakin malamin bita ba zai bar takardar awon kayansa a hannun wani ba.

Sai dai bita ta alhazai ce, kuma lokacinta ƙayyadadde ne. Ɗalibin jami'ar ABU mai tafiya Alƙahira, ko 'yar kasuwa mai zuwa Dubai, wa zai zaunar da su?

Intanet kuwa ba ta rufe ƙofa, dare ko rana. Dokar da ta hana ruwa ko turare fiye da mililita 100 a jakar hannu, wadda ta samo asali daga makircin da aka bankaɗo a Landan a 2006, tana nan rubuce. Haka hana sanya batirin cajin waya cikin babbar jaka. Matsalar ita ce bayanan a warwatse suke, wani a shafin hukumar filayen jiragen sama FAAN, wani wajen hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi NDLEA, wani wajen kamfanin jirgi, kuma galibi da Turanci. Mai nema ya gaji, ya koma wa sautin muryar da aka turo a WhatsApp, wanda ba a san mai shi ba.

Ni dai na fi amincewa da bita, domin bayanin da ba a fahimta ba bai kare kowa ba. Abin da nake roƙo shi ne FAAN da hukumar alhazai NAHCON su naɗi bayanin dokokin filin jirgi da murya, cikin Hausa, su ajiye shi a shafi guda mai ɗauke da ranar da aka sabunta shi, yadda ƙaramar waya ma za ta iya buɗewa.