Farin Masoro da Baƙin Masoro

Iyayenmu mata a Kazaure da Roni sukan tambaye mu: farin masoron nan mai tsada, wani iri ne dabam? A'a. Itace ɗaya ne da baƙin, mai yaɗo, asalinsa ƙasar Indiya. Ba ya yi a gonakinmu na Babura da Gwiwa, gama yana son ruwa mai yawa da inuwa.

Idan aka tsinke 'ya'yan suna kore, aka shanya su da ɓawonsu, sai su yi baƙi. Farin kuwa, sai an bari sun nuna sun yi ja, a jiƙa su mako ɗaya ko biyu har ɓawon ya ruɓe, a murje, a shanya ƙwayar. Wannan wahala ce muke biya. Garin Penja na Kamaru ya yi suna da shi, har aka yi wa sunan rajista a 2013.

Masoron da muke dakawa a yajin jego ɗan'uwansu ne daga kurmin Kudu, mai ɗan wutsiya.

Mu sayi ƙwaya mu daka da kanmu, gama farin gari ba wuya a cuɗa shi da fulawa. A zuba kaɗan, gab da sauke tukunya.