Inuwa a Gonar Tumatir da Hotunan Wata

A hutun da ya wuce, da na koma gida Garun Malam, na tarar gardama ta kaure a majalisar ƙofar gidanmu. Wani ne ya turo wa kawuna bidiyo a waya, ana cewa wai Amurkawa ba su taɓa sauka a kan wata ba, a ɗaki aka haɗa hotunan da fitilu. Kawu ya dube ni ya ce, "To ɗan boko, ga abin da ake karantar da ku. In dai irin wannan ne, gara ka dawo ka kama mana ban-ruwa." Aka tuntsire da dariya, ban da mahaifina. Ni kuwa na kasa cewa uffan, don hujjojin sun shige ni.

Ga yadda labarin yake. Ran 20 ga Yuli, 1969, kumbon Apollo 11 ya sauke Neil Armstrong da Buzz Aldrin a kan wata. Daga nan zuwa 1972 an sauka sau 6, mutum 12 suka taka shi. Masu musu sun fi kafa hujja da abu uku a hotunan, kuma dukansu maganar haske ce. Da na kwanta da dare sai na tuna darasin haske da muka yi a aji, na ƙudura zan gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Hujja ta farko, wai inuwoyin ba su fuskanci gefe guda ba, saboda haka fitilu ne da yawa. Kashegari bayan la'asar na roƙi Kawu ya raka ni gonarsa ta tumatir. Na kafa kara uku masu tsawo ɗaya, guda a fili, guda a kan kunya, guda a gangaren magudanar ruwa. Inuwar na fili ta miƙe sarai, ta kan kunya ta karye ta lanƙwashe, ta gangare kuwa ta zarce sauran tsawo. Na ja da baya na ɗauki hoto da wayarsa, sai ga inuwoyin kamar kowace da inda ta dosa. Na ce, "Kawu, rana nawa ce a sama?" Ya ce, "Ɗaya mana." To ƙasar wata duk ramuka ce da tuddai, kuma da hantsin can aka sauka, lokacin da inuwa take da tsawo. Ban da haka, nisa yana yaudarar ido. In ka tsaya a gefen babbar magudanar da ke kawo ruwa daga madatsar Tiga, za ka ga bakunanta biyu kamar sun haɗu can gaba, alhali faɗinta bai ragu ba. Abu mafi muhimmanci shi ne, fitila biyu inuwa biyu suke ba mutum. Duk wanda ya tsaya gaban mai shayi a Kwanar Gafan da dare, tsakanin ƙwai biyu na lantarki, ya ga haka. A hotunan wata kowane abu inuwarsa ɗaya.

Hujja ta biyu, akwai hoton da Aldrin yake saukowa daga tsani a cikin inuwar kumbo, amma ana ganinsa garau. Wai wa ya haska shi? Ƙasa ce ta haska shi. Haske in ya faɗi a kan abu, wani sashe yana dawowa. Shi ya sa manomi da ke tsaye cikin ruwan shinkafa da rana, fuskarsa tana haske ko da ya sa malafa. Ƙasar wata ma tana mayar da hasken rana, kuma da wannan hasken ne muke tatsuniya a dandali ranar sha huɗu ga wata. Ga shi kuma tufafin Aldrin farare ne fat.

Hujja ta uku, babu taurari a hotunan. Samaniyar wata baƙa ce ko da rana tsaka, domin babu iskar da za ta watsa haske ta mai da ita shuɗiya kamar tamu. Amma fa rana ce ƙal. An saita kyamarar don ɗaukar abu mai tsananin haske, tana buɗe ido ta rufe nan da nan, hasken taurari kuwa ya yi rauni ya shiga. A daren nan na ɗauki Kawu hoto a ƙarƙashin fitila. Taurari sun cika sama fal, amma ko ɗaya bai fito ba.

Akwai kuma shaidun da ba na hoto ba. An zo da duwatsu da ƙasar wata kilo 382, masana na ƙasashe da dama sun bincike su. Tarayyar Sobiyat, abokiyar gasar Amurka a lokacin, ba ta ƙaryata ba. A 2009 wani kumbon Amurka da ke zagaya wata ya ɗauko wuraren saukar, a 2021 na Indiya ma ya ɗauko inda Apollo 11 ya sauka. Mu Kanawa ma muna da hannu a farkon aikin, domin hukumar NASA ta kafa tashar bibiyar kumbo a Kano, wadda ta yi aiki lokacin da John Glenn ya zagaya duniya a 1962.

Kawu dai bai sallama duka ba. Cewa ya yi, "Maganar inuwa na yarda, tunda gani ya kori ji. Sauran sai na yi tunani." Mahaifina bai ce komai ba, amma ranar komawa makaranta shi da kansa ya raka ni bakin titi.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, in an turo muku irin wannan bidiyo kada ku yi saurin yaɗawa, kada kuma ku raina wanda ya gaskata. Ku nemi kara uku, ku jira la'asar, ku gayyace shi cikin ladabi ya zo ya gani da idonsa.