Jahi da Mallakar Zukata: Shuhurar 'Yan Wasa a Ma'aunin Imam al-Gazali

Abin da muke kira shuhura ko ɗaukaka, malaman tarbiyya sun fi tattauna shi da sunan jahi. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya keɓe masa littafi guda a rubu'in abubuwa masu halakarwa na Ihya'u Ulumiddin, inda ya haɗa shi da riya. A wurinsa jahi mallakar zukatan mutane ne, kamar yadda dukiya take mallakar kaya. Ya ma nuna ya fi dukiya daɗi ga rai, domin ɓarawo ba ya ɗaukarsa, kuma yana yaɗuwa daga baki zuwa baki ba tare da mai shi ya wahala ba. Hadisin Ka'abu ɗan Maliku da Tirmizi ya ruwaito ya kwatanta ɓarnar da kwaɗayin dukiya da ɗaukaka ke yi wa addini da ta kyarketai biyu mayunwata a cikin garke.

Sai dai al-Gazali nema ya zarga, ba samuwar da Allah Ya kawo ba tare da an yi fafutukarta ba. Ya buga misali da mutanen da ruwa ke ci: wanda bai ƙware a iyo ba gara kada su gan shi, don za su riƙe shi ya nutse tare da su, amma gwani ya kamata su san shi don ya tsamo su.

Wannan ma'auni yana fitowa sarai a rayuwar Muhammad Ali. Ya zama zakaran damben duniya a 1964. A watan Afrilun 1967 ya ƙi shiga aikin soja lokacin yaƙin Biyetnam, yana mai kafa hujja da addininsa. Aka ƙwace kambunsa, aka yanke masa ɗaurin shekara 5, ya yi sama da shekara 3 ba ya dambe a daidai ganiyar ƙarfinsa, daga baya kuma Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin a 1971. Ɗalibi ya lura cewa a lokacin yana cikin ƙungiyar Nation of Islam mai gurɓatacciyar aƙida, sai a 1975 ya koma tafarkin Sunna. Duk da haka, wanda jahi ya mallake shi ba ya iya sakin tafin jama'a haka, domin mai neman mallakar zukata dole ya riƙa bin abin da suke so, daga nan kuma riya take shigowa.

Mawaƙin Ingila Cat Stevens ya bi wata hanya. Ya musulunta a 1977, ya zama Yusuf Islam, ya bar fagen kiɗa shekaru masu yawa, ya kafa makarantar Islamiyya a Landan a 1983. Komawarsa waƙa daga baya ta haddasa saɓani da ba nan ne wurinsa ba.

Abin da ya sauya tun zamanin al-Gazali shi ne jahi ya zama abin ƙirgawa. A da mutum kintatar matsayinsa yake yi a zukata, yanzu kuwa adadin mabiyansa yake gani a waya safe da yamma, kamfanoni kuma su biya shi gwargwadon adadin. Dukiya da jahi, waɗanda Imamin ya tattauna a littattafai biyu mabambanta, sun haɗe a lamba ɗaya. A ganina mai wa'azin da ke duba yawan masu kallon karatunsa a Facebook yana cikin mas'alar nan daidai da ɗan ƙwallo.